Minti na Tara a Bidiyon Malam Maganaɗisu

Duk makarantar babu malami kamar Malam Maganaɗisu, kuma shi ya fara gano hakan. Sunan ma shi ya raɗa wa kansa, wai saboda yadda yake janyo hankalin ɗalibai. Fiziks yake koyarwa a ajin ƙarshe na sakandare. Bana kuwa ya ƙwallafa rai a kan kujerar shugaban sashen kimiyya, wadda shugabar makaranta za ta ba mutum guda a ƙarshen zango.

Sai ya zo da sabon tsari: darasi ya koma gida, aikin gida ya dawo aji. Zai ɗauki kansa a bidiyo yana koyarwa, yara su kalla a waya, washegari a yi lissafi tare.

"Ku aji ɗaya kuke shiga," ya ce wa abokan aikinsa a ɗakin malamai. "Ni gida arba'in nake shiga lokaci guda, ko sallama ba na yi."

Bidiyon ya sha shiri. Sau uku Malam ya sauya riga. Ya jingina wayar da littattafai, ya yi ta matso da ita har alƙaluma huɗun da ke aljihunsa suka fito raɗau. Minti huɗun farko ya ƙare su wajen jero takardun shaidarsa, don yara su san a hannun wa suke.

Bayan mako biyu manhajar da ya ɗora bidiyon a kai ta tabbatar masa da abin da ya daɗe yana zato. Minti na tara kowa sai ya maimaita shi, wasu har sau goma. Bai ga dalilin dubawa ba. Ya tuna daidai nan ne ya ɗaga hannu yana bayanin abin da ke jan kaya zuwa ƙasa, da muryar da shi kansa take sa tsigar jikinsa tashi.

Ya gayyato shugabar makaranta ajin, ya jona wayar da talabijin, ya kai bidiyon minti na tara.

"Ranki ya daɗe, ba na son yabon kai. Ki gani da idonki."

Ga Malam nan ya cika fuskar talabijin, kafaɗa zuwa kafaɗa. Ya ɗaga hannu. Alli ya suɓuce masa. Ya sunkuya, ya ɓace. Sai ga allon da ke bayansa ya bayyana, cike da lissafi, na tsawon daƙiƙa uku.

Shugabar ta dubi wata ɗaliba a layin gaba.

"Nan muke tsayarwa mu kwafa, Malama," in ji yarinyar. "Sauran wuraren duk ya tare allon."

Shugabar ta yi ɗan rubutu a littafinta, ta miƙe. Malam ya raka ta bakin ƙofa, gumi ya jiƙa rigar ta uku, ya tambaya a hankali ko akwai wani bayani game da kujerar.

"Tukuna dai, Malam," ta ce. "Amma tsarin yana da amfani. A bidiyo na gaba, ka daɗe kana neman allin."