Yadda Za Ka Buɗe Gadar Malanville Kana Kwance Kan Tabarma

Kai mutumin Gaya ta bakin iyaka, kana son a riƙa cewa "a bakinsa muka fara ji"? Bi matakan nan. Na ba ka tabbaci, kafin la'asar sunanka ya kai Yelu.

1. Kada ka je gadar

Na sani, ɗan kabu-kabu zai kai ka yanzu ka gani ko har yanzu a rufe take. Kul! Ido yana ɓata labari. Kafin mai zuwa dubawa ya dawo, an riga shi.

2. Nemi majiya mai nisa

Vokal, wato saƙon murya, mafi inganci shi ne na wanda ba ka sani ba, yana haki, yana cewa ƙanin matarsa na aiki a duwan, wato kwastan, ya ce an buɗe. In daga ƙasar Beljik yake magana, madalla. Daga can aka fi hango gadarmu.

3. Duba hoto da kyau

Za a haɗo da hoton manyan motoci suna tsallakawa. In ka hango marigayi Jibo direba yana ɗaga hannu, kada ka tsaya tambayar shekarar hoton. Ka ce Allah ya jiƙansa, ka tura.

4. Sa muryarka

Danna, ka ƙwala: "Jama'a, an buɗe! Wallahi an buɗe!" Watsa a gurup ɗin tasha, na masallaci, da na dangin matarka Nuriya. Wayyo daɗi, ji yadda waya ke ta kuka!

5. Tabbatar, kai ba sakarai ba ne

Alfari mai albasa, yayan Nuriya, zai kira: "Ka tabbata? Albasar bana duka zan loda, kuma ba ta jure zaman mota."

Ka ce ya dakata ka bincika. Jim kaɗan vokal ɗinka zai zaga garuruwan Bana da Kamba, ya dawo maka. Saurara da natsuwa. Muryar mutumin kirki ce, bai taɓa yi maka ƙarya ba.

"Yaya, loda! Majiya biyu ke nan."

6. Kashe waya

Har sati ya zagayo. Ka ce laifin rezo ne, layi ba ya shiga.

Gargaɗi: in Alfari ya juye ruɓaɓɓiyar albasa a ƙofar gidanka, ya ɗora ƙanwarsa da kayan ɗakinta a motar da ta zama fanko, babu ruwana, ban san ka ba. Ni ma a gurup na ji matakan nan, kuma muryar ta yi kama da taka.