Rasuwar Kyamara Mai Ganin Taku Goma

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da fuskar da ta kasa ɗagowa ta kalli jama'a, Malam, tsohon malamin lissafi mai gida mai koren ƙyaure, yana sanar da 'yan uwa da maƙwabta rasuwar kyamarar tsaron gidansa, wadda ta cika ranar Asabar da hantsi, tana da wata goma sha ɗaya a duniya.

Marigayiyar ta shigo gidan nan a cikin kwali, fara tas, da ido ɗaya da ɗan faifan sola a ka. Tunda aka ɗaura ta ba ta taɓa neman wutar lantarki ba. Rana ta ba ta, ta ci, ta gode. In hadari ya rufe sama kwana uku, sai ta rage magana ta yi haƙuri. Ruwa ya dake ta, tsuntsaye sun yi mata abin da suka saba yi wa duk wanda ba ya motsi, ba ta taɓa kai ƙara ba. Halinta ɗaya ne: in ta ga motsi, sai wayar Malam ta ce "ƙilin!" Ta ce "ƙilin!" don kaza. Ta ce "ƙilin!" don zanen da iska ta kaɗa a kan igiyar shanya. Akwai wani ƙadangare da ke zuwa gaida ta kullum da safe, ta ajiye hotunansa sun fi ɗari huɗu, duk yana gyaɗa kai.

Gaskiya ta wajaba a kan mai sanarwa, don haka zai faɗi abin da ya daɗe yana ɓoyewa. Ranar da mai haɗa wuta ya zo kafa ta, ya ce: "Malam, wannan fa ba ta farkawa sai abu ya matso kamar taku goma. Nesa da haka za ka ga hoto in ka buɗe waya, amma ita barci take, ba ta ɗauka, ba ta faɗa. A sa ta kusa da ƙofa." Malam ya ce a'a. Yana so a kafa ta can ƙarƙashin rufin falo, inda duk mai wucewa a titi zai hango ta. Ya ce shekara talatin yana koyar da awo, ba a gidansa za a koya masa nisa ba. Aka kafa ta inda ya nuna. Daga nan ba baƙon da ya sha ruwa a gidan ba tare da an nuna masa wayar ba, ana ce masa ko ƙuda ya ƙetare katanga sai an sani.

Ciwon ajalinta ya fara ne ranar Talata. Malam ya dawo daga asibiti wajen awon hawan jini, ya tarar babur ɗinsa, wanda ya yi wata biyu a kwance ƙarƙashin bishiyar bakin ƙofa, babu shi. Ya duba waya. Kaza da ƙarfe tara, ƙadangare da ƙarfe goma, shi ke nan.

Sai Malam ya yi lissafi, irin na wanda ya riga ya rubuta amsa kafin ya karanta tambaya. Kyamara ba ta ga baƙo ba, ke nan ba baƙo. Wanda ya ɗauka ya san inda idonta yake, ke nan ɗan gida ne. A gidan kuwa mutum ɗaya ne ke kwana a ɗakin bakin ƙofa: Kawu, ƙanin matar Malam, mai aski, wanda ya shekara shida a gidan, shi ke aske kan Malam kyauta kowace Juma'a, shi ya kwana sha biyu a gefen gadonsa lokacin da aka yi masa aiki.

Malam bai ce ɓarawo ba, yana so a rubuta wannan. Abin da ya ce a gaban matarsa da 'yarsa babba, da wayar a hannu, shi ne: "Ita dai ba ta ƙarya." Kawu ya kalli wayar, ya kalli yayarsa, ya ce: "Yaya, kin ji?" Kafin la'asar ya naɗe katifarsa, ya zuba kayansa a buhu biyu, ya ajiye makullin ƙofa a kan taga, ya koma kwana a shagonsa tsakanin kujerar aski da madubi. Ya bi ta tsakar gida da buhunan, marigayiyar ta ce "ƙilin!" Wannan hoton yana nan. Malam ya kasa goge shi, ya kuma kasa kallonsa.

Kwana uku ana ajiye wa Malam abinci ba a ce masa ga shi ba.

Ranar Asabar da safe aka ji ƙarar babur a ƙofa. Bakanike ne a kai, yana washe baki, injin yana kaɗawa kamar sabo. Ya ce: "Malam, ga mutuminka ya tashi! Ai kai ka ce duk ranar da na samu sarari in zo in tura shi, ko ba kowa a gida." Malam ya tuna. Ya faɗa, a bakin masallaci, sati biyar da suka wuce, har ya ƙara da cewa ƙaramar ƙofa ba a kulle ta da rana.

'Yar Malam ta miƙe. Ta je ta tsaya a gindin bishiyar, ta ɗaga hannu biyu tana kaɗawa. Shiru. Ta yi tsalle. Shiru. Sai ta fara takowa tana ƙirgawa da ƙarfi, yadda ubanta ya koya mata tun tana 'yar aji ɗaya. Daga bishiya zuwa bangon falo taku goma sha bakwai ne. Sai da ta cinye bakwai sannan wayar ta ce "ƙilin!"

Abin da ya biyo baya, Malam ya so a rubuta shi a matsayin gajeriyar rashin lafiya, amma akwai shaidu uku. Ya ɗauko tsani. Ya ce zai gyara mata zama ne. Hannun da ya kai mata ba na gyara ba ne. Wuyanta ya ce "ƙaras," ta kuɓuce, ta bugi bakin durom ɗin ruwa, ta nutse. Ko da aka tsamo ta, 'yar jar fitilarta ta ƙifta sau biyu, ta rufe. Hoton ƙarshe da ta aiko shi ne fuskar mai gidan daf da ido, hanci a buɗe, jijiyar wuya a tashe.

Malam yana shaida wa duniya cewa marigayiyar ba ta taɓa cewa ta ga abin da ba ta gani ba. Iya idonta ta tsaya. Shirunta ne aka ɗauka aka mayar da shi shaida, kuma wanda ya yi hakan yana da ido biyu da tabarau.

Ta rasu ta bar faifan sola guda, yana can a rufi yana tara wutar da ba mai sha. Da kusoshi huɗu a bango. Da katin ajiya mai ɗauke da tarihin kajin gidan. Da ƙadangare, wanda ya zo ɗazu ya gyaɗa wa bango kai ya tafi. Ta kuma bar ɗaki guda a bakin ƙofa, an share shi, an canza labule, an mayar da makullinsa, ba kowa a ciki.

Za a yi jana'iza gobe Lahadi da ƙarfe goma na safe. An naɗe gawar a cikin tsohon tawul. Ba za a hau babur ba. Malam zai ɗauke ta da hannunsa, a ƙasa, ya bi babban titi inda kowa zai gan shi, har zuwa shagon aski na kusa da mai faci. A can zai ajiye ta, ya cire hula, ya faɗi abin da ya kamata ya faɗa tun ranar Talata. An aika wa Kawu sau biyu, bai ce a zo ba, bai ce kada a zo ba.

Ba za a yi zaman makoki a gida ba, matar gidan ta ce ba ta da abin da za ta dafa wa wannan mutuwar. Masu son yin ta'aziyya su tarar da Malam a bencin jiran layi na shagon. Zai zauna a nan har a kira shi kujera, ko a rufe shago. In an rufe, za a ci gaba ranar Litinin.