Yaƙin Sallau da Buhun Albasa

Da sunan Mai saukar da ruwa a kan fako da fadama. Bayan haka, wannan tarihin Sallau ne ɗan Jatau ɗan Tanko Mai-Garma, jikan waɗanda suka kori gwaggon biri daga Kwarin Dunya da majajjawa, Shugaban Ƙungiyar Manoman Albasa, ma'abocin hatimi da tawada, gatarin sassabe, wanda in ya yi gyaran murya a taro sai mai shayi ya rage rediyo.

Musabbabin yaƙin kuwa taki ne. Shekara uku a jere takin gwamnati mai rangwame yana isowa Kwarin Dunya bayan an cire albasa, albasar kuma tana fitowa ƙanana kamar tafarnuwa. Da zaɓe ya ƙarato, majalisar ƙungiya ta zauna a gindin tsamiya, ta zartar cewa Sallau zai tunkari Kwamishinan Gona da takardar koke, ya nemo taki kafin dashe, da ƙuri'a ɗari huɗu a bayansa.

Sai aka zo kan maganar gaisuwa, domin ɗan halak ba ya zuwa gaban babba hannu rabbana. Gwaggo Kande, shugabar mata manoma, ta dire kwandon albasar bara, ta ce, "Kai masa wannan, Sallau. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi."

Sallau ya dubi kwandon, kunya ta rufe shi har kunne. Haba! Jikan Tanko Mai-Garma ya shiga ofishin gwamnati da wannan abin? Ya ce, "Gwaggo, mutuncin gari fa." Ya aro sabon buhu, ya tafi kasuwar birni, ya sa aka zaɓo masa albasar wata jiha ɗaya bayan ɗaya, kowace kamar kan jariri.

Ranar Talata da hantsi rundunar ta ɗaga a bayan akori-kura, Shugaba a gaba, buhu a tsakiya, takarda a aljihun ƙirji. Ya ci ƙofar farko da sallama, ya ci ta biyu da albasa biyar, ya yi wa bencin sakatare ƙawanya tun daga walaha har la'asar sakaliya, bai sha ruwa ba, bai ja da baya ba, ko da aka ce masa sau huɗu Oga yana mitin. Da ƙofa ta buɗe ya waiwayi jama'arsa, ya yi kururuwa, "Ko taki ko ƙuri'a!" Sannan ya tuɓe takalmi ya shiga a durƙushe.

Ya zaro takarda, ya fara da balagar da ya kwana bakwai yana haddacewa. "Ranka ya daɗe, mu talakawanka, rashin taki ya..."

Amma masinja ya riga ya kwance bakin buhu. Kwamishina ya ɗauki albasa guda, ya auna ta a tafin hannu, fuskarsa ta yi haske.

"Malam Sallau, wannan ba taki kuka noma ta?"

To, ina bakin da zai ce sayowa ya yi? Sai Sallau ya ce, "Albarkacinku ne, ranka ya daɗe."

"Gani ya kori ji," in ji Kwamishina. "A kira mai hoto."

Aka ɗauki hoto, Sallau riƙe da albasa a dama, takardar koke a hagu, ba wanda ya karɓe ta. Kafin mako ya zagayo rediyo ya sanar da sabon tsarin noma: Kwarin Dunya ya zama abin koyi, ya tsaya da ƙafarsa, saboda haka an karkatar da kasonsa na taki zuwa garuruwan da ke da buƙata. Shi kuwa Shugaba aka aiko masa da takardar yabo mai zanen zinariya, an rubuta Gwarzon Manomi.

Majalisa ta sake zama a gindin tsamiya, dashe saura kwana tara. Takardar yabo ta zaga hannu-hannu har ta iso wurin Gwaggo Kande. Ta juya ta gaba da baya, ta shinshina, ta ce, "Madalla. Kwano nawa ake zubawa a kadada?"

Sallau ya waiwaya, sai ga mai buhun da ya ara yana tsaye a bayansa yana jiran kayansa. Buhun ma yana ofis.

A shekarar albasar Kwarin Dunya ta fito kamar tafarnuwa, karo na huɗu. Hoton dai ya yi kyau, yana manne a kowace tasha har bayan zaɓe.