Yadda Za Ka Tura Gonarka Ƙaura da Tsinken Ashana Ɗaya

Kai mai gona, idan ƙasar da ka gada ta ishe ka, kana so ta tattara ta bar ka ba tare da ka sayar ko ka yi faɗa da kowa ba, to ka zo inda ya dace. Na yi maka alkawari, in ka bi matakan nan bakwai, cikin damina uku za ka ga rami a inda da kake ganin gero. Ba ji na yi ba. Shekara ashirin da biyu na zauna da gwanin wannan aiki, marigayi maigidana Malam Isufu, Allah ya jiƙansa. Gonar da ya gwada a kanta kuwa ita kaɗai gare mu, ni da shi da 'ya'ya huɗu. Tana nan kan tudu, hanyar Ɗan Barto.

Mataki na 1: Ka ji kunyar kara

Bayan an yanke gero, ka dubi karan da ke kwance da ganyen kalgo da kashin shanu, ka ce ƙazanta ce. Manomin kirki, in ji Malam, gonarsa fes take kamar tsakar gidan amarya.

Idan matarka ta ce uwarta ta gaya mata kara zanen ƙasa ne, ba a tuɓe mata shi a rana, ka tambaye ta ko uwarta ta taɓa riƙe hauya. Ta taɓa, har ta fi ka. Saboda haka kada ka tsaya jiran amsa.

Mataki na 2: Ka nemi dalili

Ba a cinna wuta haka kawai, sai a ce ka zautu. Kana iya cewa toka taki ce. Kana iya cewa macizai. Amma dalilin da ya fi kowanne ƙarfi shi ne gafiya.

Akwai wata gafiya da ta haƙa rami a gindin sabara, tsakiyar gonarmu. Malam ba ya kiran sunanta, sai dai ya ce mutuniyar. Duk bazara zai ce mini, “Baiwa, wanke tukunya, yau mutuniyar a miya za ta wuni.” Shekara uku ina wanke tukunya ina daka yaji. Har yau ban san ɗanɗanon gafiya ba.

Masu hikima sun ce nama na mai haƙuri ne. Ba su faɗi shekara nawa ba.

Mataki na 3: Ka zaɓi ranar iska

Ka jira ƙarshen rani, da rana tsaka, lokacin da ciyawa ta bushe ƙayau. Ka ɗebi rairayi ka watsa sama don ka gwada iska. Idan ya dawo ya cika maka ido, ka murje, ka ce iska ta kwanta.

Sai ka cusa kara a bakin ramin ka ƙyasta. Gafiya tana da ƙofar baya, ta nan za ta fita abinta. Wuta kuma ba ta san iyakar gona ba. Tamu ta cinye karanmu, ta cinye 'yan sabara da kalgon da suka tsiro, ta gangara gonar maƙwabcinmu Alhaji Muntaka ta haye itacen da ya ajiye harawarsa, daga nan ta shiga daji ta ƙone ciyawar da dabbobin ƙauye biyu suke jira.

Mataki na 4: Ka fi kowa mamaki

Wannan matakin yana son sauri. Ka karyo ɗanyen reshe, ka shiga gaban masu kashewa, ka fi kowa salati. Ka riƙa tambaya da ƙarfi wane marar tsoron Allah ne ya yar da guntun taba a nan.

Idan ma'aikacin gandun daji ya zo a kan babur yana tambaya, ka ce kai ko ashana ba ka saye, a maƙwabta kuke ɗebo wuta. Sai dai ka tsaya cak. Malam ya manta, ya sunkuya zai gyara takalmi, kwalin ashana ya yi ƙara a aljihu. Ma'aikacin ya tambayi mene ne wannan, Malam ya ce gyaɗa ce. Mutumin ya dubi rabin gemun Malam da ya babbake, ya daɗe yana dubawa, ya hau babur ɗinsa. Alhaji Muntaka ne ya roƙa aka bar maganar.

Mataki na 5: Ka zauna, aiki zai yi kansa

Ka maimaita na biyu da na uku duk shekara, sauran ba naka ba ne. Tokar da ka ce taki ce, iskar farkon damina za ta kwashe ta, ta riga ka tafiya cin rani Kano. Gara, da take cin kara tana huda ƙasa ruwa yana shiga, za ta ga babu abinci ta yi gaba. Saiwoyin da suke riƙe da tudu sun mutu. Ƙasa za ta zama fako, in ka buga hauya ta yi tsalle.

Ruwan farko idan ya sauka, ba zai shiga ba. Zai yi ja, ya gangara da gudu, ya tafi da abin da ya samu.

Shekarar farko hanyar ruwan kamar an ja yatsa a tuwo. Malam ya ce ado ne. Ta biyu ta kai gwiwa, ya ce mun samu ƙorama tamu ta kanmu. Ta uku jakinmu ya faɗa ciki, kunnuwansa kaɗai ake hange. Gonar da take ba mu dami arba'in ta ba mu goma sha uku. A shekarar na koyi dama kunu mai ruwa in ce wa yara na masu hankali ne.

Mataki na 6: Ka je ka nemo ƙasarka

Ƙasa ba ta ɓata, wuri take sakewa. Tamu duk ta sauka gonar Alhaji Muntaka. Geronsa ya yi tsawon da sai an ɗaga kai.

Malam ya ɗora wa jaki mangala ya gangara. Ya yi sallama, aka gaisa, aka tambayi iyali, sannan ya ce ya zo ɗaukar ajiyarsa.

“Wace ajiya, Malam Isufu?”

“Wadda kake tsaye a kanta, Alhaji.”

Alhaji ya dubi ƙafafunsa, ya ce, “To, bisimilla. Ka tsince taka ka ɗauka. Amma in ka haɗa da ƙwaya ɗaya tawa, ban yafe ba.”

Magana ta kai gaban mai gari. Ya saurari kowa, ya ce shi a ganinsa ba sata aka yi ba, ƙasa yaji ta yi, mai biko kuma yakan fara gyara abin da ya kore ta. Malam ya ji biko, bai ji gyara ba. Kwana shida yana hawa tudu da mangala. Ruwa ɗaya aka yi, duk ta koma gidan Alhaji. Da kaka Alhaji ya aiko mana da dami biyar, ya ce a gaida Malam da ɗawainiya. Malam ya ce ba zai ci ba. Ya ci.

Mataki na 7: Idan ka gane, kada ka faɗa

Wannan ne mai wuya, kuma a nan gwanintar Malam ta fito.

Ranin ƙarshe bai je Kano ba saboda tari. Kullum da safe sai ya ce zai je duba mutuniyar. Ya dawo da azahar, hannu duk karcen ƙaya, ya kwanta yana haki. Ban tambaye shi ba, shi ma bai ce komai ba. Ya rasu ranar wata Alhamis, saura kwana tara ruwan shuka.

Na shiga takaba, damina ta wuce ban ga gona ba. Ƙanensa Salisu ne ya shuka abin da ya rage daga sama. Ranar da na fita na je, sai na tsaya a bakin ramin da ruwa ya zaizaye. An kafa turaku a ciki, jeri bayan jeri, an gitta ƙaya da kara da duwatsu. Bayan kowane jeri rairayi ya taru, ciyawa ta fito a kai. Sabarar da ta sake tohowa, kowace an ɗaura mata tsumma don kada a sare. Na gane tsumman. Tsohon zanena ne da na yi wata biyu ina nema, har na zargi akuya.

Na zauna a ƙasa na yi kuka, na yi dariya, na sake yin kuka.

Bana da rani Salisu ya zo da kirkinsa, ya ce zai share mini gona da wuta don in huta. Na ce, “Ƙanena, in kana son in huta, ga gatari, ga jaki, ka ɗebo mini ƙaya.” Ya ce Yaya ba haka yake yi ba. Na kai shi bakin ramin na bar shi tsaye.

Gargaɗi

Duk wanda ya bi matakan nan gonarsa ta tafi, ko gemunsa, ko harawar maƙwabci, ba ruwan Baiwa. Ba na biyan jaki, ba na zuwa shaida gaban mai gari, ba na ba da aron tukunya. Abin da na gani na rubuta. Mai ilimin ya tafi inda ba a kai ƙara, addu'a kawai yake karɓa. In ka yi masa, ka haɗa da ramin. Saura kamu biyu ya cike, ni kuma har yanzu turakuna a karkace suke tsayawa.