Ta'aziyyar Gimbiya, Wayar da Ta Daina Gane Caja

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, ni Rosmiati, mai suyar pempek, wato ƙosan kifi, a bakin kogin Musi, a madadin mijina Safrudin da ke can bisa teku bai ma samu labari ba tukuna, da 'yarmu Wulan da mijinta Junaidi, nake sanar da 'yan uwa da maƙwabta da duk masu sayen ƙosan kifina rasuwar wayata, wadda unguwa ta sani da suna Gimbiya. Ta cika ranar Lahadin da ta wuce da hantsi, a tsakiyar falo, a gaban mutum sama da arba'in har da liman, bayan doguwar jinya. Ta rasu tana da shekara shida da wata huɗu. Masana sun tabbatar mini cewa a shekarun wayoyi, ta ga tattaɓa-kunne.

Marigayiyar ta shigo gidanmu cikin farin kwali, ranar da Safrudin zai fara aikin kuku a jirgin kamun kifi. Ya ɗora ta a tafin hannuna ya ce, "Ros, kin san kaina. Lamba ɗaya tak zai iya riƙewa, kuma na haddace ta wannan. Kada ki canza." Ban canza ba. Ko da na so canzawa ma ba dama, domin a shekararta ta biyu ta zame daga aljihuna ta faɗa kaskon mai, Allah ya sa ya huce, kuma tun daga ranar ɗan aljihun da layi ke ciki ya liƙe. Ita da layinta suka zama abu ɗaya, ba mai raba su.

Gimbiya mai haƙuri ce. Ta sha tururi da hayaƙi da hannu mai ƙulli, ba ta taɓa ƙorafi ba. Ita ke karɓar odar masu biki, ita ke tuna mini wa ya ce a ƙara yaji a romon tsami, wa ya ce a rage. Ta san sirrin rabin matan unguwarmu, ta tafi da shi ba ta faɗa wa kowa ba. Tun da idon kyamararta ya karce, ba ta ƙara ɗaukar hotona ta nuna shekaruna ba, kuma wannan alheri ba zan manta da shi ba. In aka jona mata caja takan ce "tulun", murya mai sanyi kamar ta mai godiya. Duk wanda ya taɓa shan shayi a kicin ɗina ya san wannan tulun ɗin.

Ciwon ya fara ne a damunar bara. Wata safiya na jona ta kamar kullum, maimakon tulun sai na ji "tit-tit". Na duba fuskarta, na ga rubutu: Ba a gane abin da aka jona ba. Na kalli cajar. Cajarta ce ta haihuwa, wadda suka fito kwali ɗaya.

Na ce, "Gimbiya, 'yar uwarki ce fa."

Ta ce tit-tit.

Na zare, na juya kan, na mayar. Ta ce tulun. Na yi hamdala na koma kan kaskona. Ban juya ƙosai biyu ba ta sake cewa tit-tit.

Daga nan muka shiga neman magani. Wulan, da yake ma'aikaciyar jinya ce, ta ce a kashe ta a kunna, wai ko mutum ne barci na yi masa magani. Aka yi. Ta farka da fara'a, ta yi kwana biyu lafiya, ran na uku ta koma. Junaidi ya ce manhajarta ce ta tsufa, a sabunta. Muka zauna wuni guda muna kallon wani ɗan layi yana rarrafe a fuskarta. Da aka gama, rubutun ya dawo da sabon salo, ya fi na da kyau, amma maganar ba ta canza ba.

Sai yayana Kodir ya ji labari. Yaya Kodir ya yi shekara talatin yana tuƙa kwalekwale mai inji, don haka babu na'urar da yake ganin ta fi ƙarfinsa. Ya ɗaga ta, ya leƙa ramin cajin da ido ɗaya, ya hura mata iska har sau uku.

"Sanyi ne ya kama ta," in ji shi. "Gida a kan ruwa, me kike tsammani? A binne ta a buhun shinkafa."

"Yaya, binnewa kuma tun yanzu?"

"Kwana biyu kawai. Injina ma haka nake masa."

"Injin naka kake sawa a shinkafa?"

"Ke dai ki yi abin da na ce."

Ta kwana biyu a shinkafa. Ta fito fes, tana ƙamshi, na jona ta, ta ce tit-tit.

Muka juya kan cajoji. Na saya mata fara, ta ƙi. Na saya mata baƙa mai saƙa kamar igiyar takalmi, ta karɓa mako guda, sannan ta ce ba ta san ta ba. Na kawo mai kan ƙarfe, wadda mai shagon ya rantse ko giwa ta taka ba abin da zai same ta. Gimbiya ko kallonta ba ta yi ba. A wata biyar cajoji shida suka shigo gidan nan, kowace ta zo da alƙawari, kowace aka kore ta da kunya. A nan ne maƙwabta suka ce lallai sunan ya bi ta.

Da ciwon ya yi nisa, ta fara ganin abin da mu ba ma gani. Tana kwance ita kaɗai a kan tebur, babu abin da ke jikinta, sai ta yi tit-tit, ta rubuta cewa ba ta gane abin da aka jona ba. Maƙwabciyata ta daina shigowa kicin sai da addu'a. Ni kuwa wata rana haƙurina ya ƙare, na ɗauki tsinken sakace na share mata ramin. Ban ga komai ba. Na ɗauki allura. Zan dawo kan allurar nan, domin ban zo nan don in ɓoye komai ba.

Zuwa ƙarshe hanya ɗaya ta rage da take karɓar wuta. Sai an kifa ta a kan gwangwanin madara, an lanƙwasa igiyar hagu, an ɗan ɗaga ta sama, mutum ya riƙe da yatsu biyu kada ya motsa. Na gwada roba, na gwada maƙalin shanya, ba ta yarda ba. Hannun mutum take so. Na kai ta wurin Koh Acun mai gyara a kasuwa, ya ce sai an buɗe ta, kuma yadda ta liƙe ɗin nan ba ya ba da tabbacin za ta tashi. Na ce a bari sai bayan suna.

Domin a tsakiyar jinyar nan Wulan ta haihu, mace, jikarmu ta fari. Tun cikin yana wata uku Safrudin ya roƙi Junaidi alfarma a bar masa raɗin suna, Junaidi ya yarda. Safrudin ya ce ya riga ya zaɓa, amma ba zai faɗa wa kowa ba sai ranar, har ni. Ran da aka haihu jirginsu na kusa da gaɓa, ya ari wayar kyaftin ya kira, ya yi kuka, ya ce ranar Lahadi ƙarfe goma za su sake giftawa inda ake samun sabis, zai kira ya faɗi sunan. Daga nan za su nausa tsakiyar teku, wata huɗu ba a jin ɗuriyarsu.

Ranar Lahadi gida ya cika. An yanka akuya, an shimfiɗa tabarmi har baranda, liman ya zauna da almakashin aski a faranti. Gimbiya ta wayi gari da caji kashi goma sha ɗaya, don hidima ba ta bar kowa ya zauna ya riƙe ta ba. Yaya Kodir ya naɗe hannun riga ya ce a bar masa. Aka kawo gwangwanin madara tsakiyar falo, aka kifa ta, ya durƙusa ya kama igiyar. Ta ce tulun. Mata suka yi guɗa ƙasa-ƙasa.

"Kada wanda ya taɓa ni," in ji Yaya. "Kada wanda ya ba ni dariya."

Goma da 'yan mintuna ta yi ƙara. Na buɗe murya kowa ya ji. Da na juyo da ita don in danna, sai wutar ta yanke, Yaya ya shiga laluben kusurwar, ita kuma tana tit-tit tsakanin kalmomin mijina.

Wanda ya san Safrudin ya san ba ya shiga magana ta ƙofa. Ya gai da liman. Ya gai da iyayen Junaidi ɗaya bayan ɗaya. Ya tambayi mai jego. Ya tambaya ko an gyara rufin bayan gida.

Na ce, "Baban Wulan, sunan."

"Ina zuwa, Ros. Wa nake ji yana nishi haka?"

"Yaya Kodir ne, yana riƙe da caja. Kashi bakwai ya rage."

"Yaya, ina gajiya? Ya ƙafar?"

Yaya ya ce ta cikin haƙora, "Ƙafa lafiya. Faɗi sunan."

"To. Jama'a, sunan nan yana da tarihi. Wata rana muna kusa da wani tsibiri, ina feraye albasa..."

Tit-tit. Kashi biyar. Liman ya matso ya sunkuya kan gwangwanin ya ce, "Malam Safrudin, tarihin ya jira ka dawo. Almakashi na hannuna."

"Gaskiya ne, Malam. Zan taƙaita."

Bai taƙaita ba. Muka ji albasar, muka ji tsuntsun da ya sauka a kan igiyar jirgi, muka ji abin da kyaftin ya ce. Gumi na ɗiga daga haɓar Yaya. Can ya samo kusurwar, ta ce tulun, falon gaba ɗaya ya sauke numfashi. A daidai lokacin aka buɗe tukunyar naman akuya a kicin, ƙamshin barkono ya shigo. Na ga hancin Yaya yana rawa. Ya rufe ido, ya cije leɓe, ya yi iyakar abin da namiji zai yi.

Safrudin ya ce, "Saboda haka, da sunan Allah, na raɗa wa jikata suna Nur..."

Yaya ya yi atishawa. Gwangwani ya gangara. Gimbiya ta ce tit, guda ɗaya, ba ta ƙarasa na biyun ba, fuskarta ta yi baƙi.

Muka zuba wa wayar ido. Junaidi ya zaro wayarsa ya ce a ba shi lambar kyaftin. Na nuna masa gawar, don lambar na cikinta.

Ƙanwar Safrudin ta ce ai Nurlela ne, sunan mahaifiyarsu. Uwar Junaidi ta ce ita da kunnenta ta ji harafin "b" na tahowa, Nurbaiti ne. Yaya Kodir, wanda ya kamata ya yi shiru, ya ce shi ya fi kowa kusa kuma Nurjannah ya ji. Wulan ta fara dariya tana riƙe da ciki tana cewa a daina, ɗinkinta. Liman ya bari aka gaji, sannan ya ce, "Abin da kakanta ya faɗa shi muka ji, kuma Nur suna ne cikakke, haske ne. In da saura, ya kawo da kansa." Ya yanke gashin, aka shafa addu'a, aka ci akuya.

Washegari na kai gawar wurin Koh Acun. Ya buɗe ta da ladabi, ya sa madubin ido, ya ɗauki ɗan hantsaki, ya zaro wani abu daga can ƙuryar ramin ya ɗora a farar takarda. Ɓawon kifi ne, guda ɗaya, bai kai ƙwayar shinkafa ba.

"Wannan ne ciwon, Goggo Ros. Da kin kawo ta da wuri, minti biyu ne."

"To a tashe ta mana."

Ya juyo mini da madubin. "Ciwon ke nan na ce. Ajalin kuma, wani ya shiga nan da ƙarfe ya karya mata haƙora uku, wuta ta haɗu ta ƙone ciki. Wa ya sa mata allura?"

Na ce zan bincika.

Ina amfani da wannan dama in nemi gafarar cajoji shida da aka zarga ba da haƙƙinsu ba, da masu shagunan da na yi wa kallon banza.

Marigayiyar ta rasu ta bar cajoji bakwai, duk da ransu da lafiyarsu. Da riga mai hoton fure wadda ta yi baƙi da mai. Da abin sawa a kunne mai ji da ɓari ɗaya. Da layinta, wanda Koh Acun ya ciro da rai kuma yanzu yana zaman takaba a tsohuwar wayar Junaidi. Da hotuna dubu uku da ba za a ƙara gani ba, galibinsu na ƙosai.

Za a yi jana'iza ranar Juma'a bayan la'asar a gidanmu. Ba za a kai ta ƙasa ba, don Koh Acun ya ce batirinta ba ya ruɓewa. Za a naɗe ta a farin hankici a sa ta a kabad ɗin gilashi, tsakanin farantan aurena. Yaya Kodir ya nemi ya ɗauki makara, iyali sun duba buƙatarsa sun ba shi aikin jera takalma a ƙofa. Akwai shayi da pempek. Mai son yaji ya faɗa da bakinsa, don wadda ke tuna mini ta tafi. Za a karɓi gaisuwa kwana uku.

A ƙarshe, iyali na roƙon duk mai ɗan uwa a jiragen kamun kifi, in Allah ya haɗa shi da wani kuku mai dogon bayani da ake kira Safrudin, ya gaya masa jikarsa na nan lafiya, tana amsa rabin da ya ba ta. Ya tambaye shi sauran. Kada ya bari ya fara daga albasa, kuma ya rubuta amsar da biro a takarda.