Hajjin da Na Yi a Ƙuryar Ɗaki

Ko zan manta komai, ba zan taɓa mantawa da ranar da sanarwar ta zo ba. Ina zaune a ƙofar gidana a Ƙofar Kwaya, rediyo ta ce naira ta sake faɗuwa, an ƙara kuɗin kujerar Makka, kowane maniyyaci ya kai ciko cikin 'yan kwanaki. Shekara goma sha ɗaya muka yi muna tari, ni da matata Rabi. Cikon ya fi ƙarfin duk abin da muka mallaka.

Tun farko ta ce, "Malam, mu sayi bijimai mu kai wa ƙanena a Batagarawa ya kiwata." Na ce banki ya fi, ai ni na yi aikin gwamnati, na san kan kuɗi (masinja ne fa, mai ɗaukar fayil).

Abin da ya fi damuna, mun riga mun zaga dangi neman gafara, kamar yadda masu tafiya ke yi. An haɗa mana guzuri, dambun nama da yaji da garin kunu. Gwaggona ta riƙe hannuna tana hawaye, ta ce in ambaci sunanta a gaban Ka'aba. A majalisa kuwa tuni an fara ce mini Alhaji, ni ma ina amsawa.

Da jirage suka fara tashi, sai na kasa faɗa wa kowa. Na rufe gida. Salla a ɗaki, tari ma a hankali. Rabi, da ciwon ƙirji ya kwantar, ta ce, "Ni dai ban ɓuya ba, jinya nake." Dambun nan shi muka riƙa ci (Allah Ya yafe mini).

Rana ta tara maganinta ya ƙare. Na yafa mayafi a ka da tsakar rana, na bi lungu zuwa kemis. Ina miƙa takarda, sai muryar maƙwabcina Malam Sule mai faci a bayana.

"A'a, Alhaji, har an dawo? To ai ko Arfa ba a hau ba. Halan jirginku na daban ne?"

Aka yi dariya. Na sauke mayafin, na faɗi gaskiya a gaban kowa.

Malam Sule ya ce, "Mi ya hana ka faɗa? Mu da kwanon gero ke gagara, wa ke da bakin yi ma dariya?"

Da na ba Rabi labari, ta yi dariya har tari ya sarƙe ta. Ta ce, "Da ka bi tawa, da ko bayan bijimin ka samu ka ɓuya." Dariyarta ta ƙarshe ke nan da na ji. Bayan babbar salla da wata guda ta rasu.

Na koyi cewa kunyar da na kulle kaina a kanta, duk unguwa kowa na da irinta, su dai ba su rufe ƙofa ba.

An maido mana kuɗinmu, na ajiye da niyyar in yi wa Rabi hajjin. Suna nan, ban taɓa su ba, kullum kuma ƙara kasawa suke. Jakar tafiyarta na bisa kabad yadda ta ɗaure ta. Har yau ban kai sunan Gwaggo ba, ban kai na Rabi ba.