Awon Makaranta da Kunne

Shekarar da hukumar En'e ta nemi yaran Tsamaye su shiga elementare a Isa, yayana ya aike ni in gano mishi ko wurin na da kirki kafin ya ba da ɗansa. Na ce ya kwantar da hankali. Shekara tara na yi a makarantar allo, daga bayan danga nake gane makaranta: in karatu na tashi har kasuwa, malami ya isa.

Na isa da hantsi, na kasa kunne. Tsit, ko tari babu! Na leƙa, ga yara sun sunkuya, malami na zaune yana kallonsu. Abin ya ɗaure min kai, na faɗa ciki.

"Malam, wa ya rasu? In ba ka iyawa, ni za ni biya musu!"

Na ja baƙi, yara sunka ɗauka gaba ɗaya.

Malam ya ce, "Baba, jarrabawa suke yi." Ya nuna lungu, inda Baturen makaranta ke cire tabarau yana dubana.

Har yau, ko a zaman makoki anka yi shiru, sai yayana ya zungure ni: "Sufeto, wurin ga ya lalace. Biya muna."